Gem ɗin faɗa: don raha za ka buga, ko don gasa?

"Haba, wannan ai ba iyawa ba ce! Abu ɗaya kake ta yi!"

Duk wanda ya taɓa riƙe hannun gem ya buga Street Fighter ko Tekken ko Mortal Kombat da wani a gefensa ya ji wannan magana, in ma ba daga bakinsa ta fito ba. Wani ya lafe a lungu yana ta jefo wuta, ko yana ta sharar ƙafa, ko yana ta kamawa yana kayarwa, har jinin abokin karawarsa ya ƙare. A wurin mai wasan raha, laifin na mai maimaitawa ne, domin ya ɓata wa mutane daɗin zama. A wurin mai wasan gasa kuwa, laifin na wanda aka yi wa ne: an yi maka abu sau goma ba ka nemo maganinsa ba, don me za a fasa na goma sha ɗaya? Kowannensu yana da gaskiya a gidansa. Rigima tana tashi ne idan mutum biyu suka zauna gaban allo ɗaya, kowa da wasan da ya zo bugawa.

Mutane da yawa suna ɗaukar cewa ƙwarewa ce ta raba hanyoyin nan biyu. Ni ban ga haka ba. Akwai mai raha da ya shekara goma yana bugawa, hannunsa ya faɗa, ba ka isa ka taɓa shi ba. Akwai kuma mai neman gasa da ya fara watan jiya, kowa dukansa yake yi. Abin da ya raba su shi ne abin da kowa yake yi da kayen da ya sha. Na farko ya yi dariya ya miƙa hannu ga na gaba, shi ke nan, magana ta mutu. Na biyu kuma kayen zai bi shi har shimfiɗa, yana juyi yana tambayar kansa a ina aka kama shi. Kafin ka sayi wani abu ko ka ware wani lokaci, dubi wanne daga cikin biyun nan ya fi kama da kai.

Wasan raha ba ya neman komai a wurinka sai mutane da ɗan lokaci. Kamfanonin ma sun san yawancin masu sayen gem a nan suke, shi ya sa suke yi musu tanadi na musamman. Super Smash Bros. na Nintendo, wanda ya fara fitowa a 1999, shi ne sarki a wannan fage. A Ultimate na 2018 mutum takwas suna iya afkawa juna lokaci guda, kayan faɗa suna faɗowa daga sama, filin da kansa yana motsi yana cin mutane. Wanda bai iya komai ba sai ya tsinci guduma ya share ƙwararru uku. An yi hakan da gangan ne, domin sa'a tana rage tazarar da ke tsakanin gwani da ɗan koyo. Mai tsara wasan, Masahiro Sakurai, ya taɓa wuce gona da iri a Brawl na 2008, inda jaruminka kan yi tuntuɓe ya faɗi haka kawai idan ya tashi gudu. Masu gasa sun tsani abin nan, kuma ba a sake saka shi a fitowa ta gaba ba. Tekken 8 yana da wasan ƙwallo da ake dukan juna da ita. Street Fighter 6 yana da wani ɓangare da bijimi kan ratso fili ana tsakiyar faɗa. Duk wannan don a yi ihu a yi dariya ne.

Kada kuma wani ya raina wannan. Mutumin da ya wuni yana aiki, ya dawo da minti arba'in a hannunsa, ba shi da bashin kowa idan ya ce shi dai a bar shi ya danna maɓallai ya ga an yi tsalle an yi duka. Sai dai wasan raha yana da rufi, kuma rufin ba shi da tsawo. Iyakar iyawarka ita ce iyakar mutanen da kake bugawa da su. Idan duk cikinsu babu mai kakkaɓo wanda ya yi tsalle, za ka tashi da tsalle a matsayin babban makaminka, kana ganin kai ne zakara. Ranar da ka leƙa intanet za ka gane gaba da gabanta. Ɗabi'un da raha ta koya maka su ne farkon abin da baƙo zai ci ka da su, kuma cire su ya fi koyon sabon abu wuya.

Wasan gasa yana farawa ne daga ranar da ka gane cewa gem ɗin faɗa lissafi ne da aka lulluɓe da naushi. Kusan dukkansu suna tafiya a kan hoto 60 cikin daƙiƙa ɗaya, kowane hoto ana ce masa firem. Kowane duka yana da firem ɗin da yake ɗauka kafin ya fita, da wanda yake ɗauka kafin jaruminka ya dawo daidai. A Tekken, naushin da ya fi sauri a wurin yawancin jarumai firem 10 ne. A Street Fighter 6 firem 4 ne. Ka ɗauke shi kamar bashi. Idan ka kai duka aka tare, wani lokaci kai ake bi, wani lokaci kai kake bi. A Tekken, idan dukanka ya bar ka da bashin firem 10, abokin karawarka yana da naushi kyauta wanda ba yadda za ka yi ka kare. Idan bashin ya kai 15, yawancin jarumai za su ɗaga ka sama su jera maka duka kafin ka taɓa ƙasa. Mai raha yana ganin "wannan mutumin sauri gare shi". Ba sauri ba ne. Ya san lokacin da ake binka ne, ya zo karɓar kuɗinsa.

Daga nan abin yake ƙara daɗi. Idon ɗan Adam da yatsansa suna buƙatar kusan rubu'in daƙiƙa kafin su amsa abin da suka gani, wato wajen firem 15, kuma wannan idan abu ɗaya kake jira ke nan. Saboda haka akwai abin da ake gani a tare, akwai wanda sai dai a yi hasashe. Drive Impact, wani duka mai ƙarfi na Street Fighter 6, yana ɗaukar firem 26, an yi shi ne yadda mai lura zai iya mayar da martani, amma ka ga ƙwararru suna cin sa a lungu saboda hankalinsu ya rabu gida uku. Kamu kuwa a wasan nan ya fi ƙarfin ido. Dole ka karanci mutum: sau biyu ya kama ni bayan na faɗi, yanzu zai sake ko zai yi kamar zai kama ya ja baya? Wannan karatun zuciya shi ne ainihin abin da masu gasa suke nema, kuma mai raha ba ya taɓa ɗanɗana shi, domin ba a karanta mutumin da shi kansa bai san abin da zai danna ba.

Amma kafin a kai wurin daɗin akwai aiki, kuma aikin ba shi da armashi. Kowa ya ci zomo ya ci gudu. Za ka shiga ɗakin atisaye kai kaɗai, ka saita gunkin atisayen ya riƙa tsalle a kanka, ka yi ta kakkaɓo shi har yatsa ya riƙa yi ba tare da ya nemi izininka ba. Za ka haddace abin da za ka yi idan ka tare Shoryuken, naushin nan na Street Fighter da ake tashi sama da shi. Street Fighter 6 ya fito a 2023 da jarumai 18, Tekken 8 ya fito a 2024 da 32, an kuma ci gaba da ƙarawa, kuma a Tekken jarumi ɗaya kan riƙe motsi sama da 100. Ba naka kaɗai za ka sani ba, sai ka san na mutane, aƙalla waɗanda ake yawan cin ka da su.

Akwai daren da wani mai riƙe Guile, wani jarumin Street Fighter, ya yi mini wankin babban bargo a intanet. Ya durƙusa a can nesa yana jefo wutarsa ta Sonic Boom, in na yi tsalle ya tarye ni da ƙafa a sama. Na sake neman sa, ya sake. Na kashe na'ura ina cewa wannan matsoraci ne, ba ya son faɗa. Washegari na buɗe hoton wasan don in tabbatar wa kaina da rashin kunyarsa, sai na ga wani abu da ban so gani ba. A turmi ɗaya na yi tsalle sau bakwai, kuma kowane tsalle yana zuwa ne daidai bayan wuta ta biyu. Ko yaro ya zauna a wurinsa zai gane. Mutumin bai yi komai ba sai jira. Abin da ya kamata in yi shi ne in taka a hankali, in tare, in ƙara taku, har in matse shi a lungu, amma haƙurin ne babu. Wannan kallon hoton kaye shi ne aikin mai gasa na yau da kullum, kuma ba kowa ke iya jure ganin wautarsa a allo ba. Tekken 8 ma ya sauƙaƙa abin, yana barin ka tsayar da hoton ka karɓi jaruminka na 'yan daƙiƙoƙi ka gwada abin da ya kamata ka yi.

Gasar ma iri biyu ce, kuma ana yawan haɗa su. Akwai tsanin matsayi na intanet, akwai gasa ta ido da ido. A Street Fighter 6 tsanin yana tashi daga Rookie ya bi ta Iron, Bronze, Silver, Gold, Platinum da Diamond ya kai Master, inda ake ba ka maki 1500 a sake sabon lissafi. Amfaninsa shi ne yana haɗa ka da tsaranka, ko ƙarfe nawa ne. Illarsa kuma daga nan take: tunda tsaranka ne, kusan rabin wasanninka kaye ne, komai ci gaban da ka yi. Ba kuma ƙungiya ba ce balle ka ce wane ne ya ja muku. Kai kaɗai ne a fili. Na ga mutanen da lambar nan ta zame musu ciwo, suna tsoron danna maɓallin neman abokin karawa don kada maki ya ragu. Wanda ya kai nan ya bar raha, bai kuma kama gasa ba, ya tsaya gadin lamba ne kawai.

Gasa ta ido da ido wata duniya ce. Babbarta ita ce Evo, wadda ta samo asali daga wata ƙaramar gasa a California a 1996, ta ɗauki sunan Evolution a 2002, ta koma Las Vegas tun 2005. Ƙofarta a buɗe take, duk wanda ya yi rajista zai buga, kuma yana iya faɗawa rukuni ɗaya da zakaran duniya. A 2023 sama da mutum 7,000 suka shiga Street Fighter 6 kaɗai. Tsarin faɗuwa biyu ake bi: ka sha kaye sau ɗaya ka koma layin waɗanda aka kayar, ka sake sha ka tattara kayanka. Yi lissafin da kanka. Rabi suna faɗuwa a karon farko, rabin waɗannan kuma suna sake faɗuwa a na biyu, wato kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana komawa gida bai ci kowa ba. Dokoki ma sun bambanta da na ɗaki. A Smash ana kashe kayan da ke faɗowa, a zaɓi 'yan filaye kaɗan daga cikin sama da 100. A Street Fighter da Tekken, wanda ya ci wasa yakan tsaya a kan jaruminsa, wanda aka ci ne ke da damar canzawa. Ba a hana abu don yana da ban haushi, sai in ya karya wasan gaba ɗaya, kamar yadda aka daɗe da hana Akuma a gasannin Super Street Fighter II Turbo na Amurka. Sharar ƙafa da jefa wuta da kamu duk halal ne.

Kowa ya san abin da ya faru a Evo ta 2004 tsakanin Daigo Umehara na Japan da Justin Wong na Amurka a Street Fighter III: 3rd Strike. Jinin Daigo ya rage kamar zare, ko tarewa ya yi zai mutu, sai ya kaɗe duka 15 na Chun-Li, jarumar da Justin ke riƙe da ita, ɗaya bayan ɗaya, kowanne a kan lokacinsa, ya juya ya gama da Justin. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne Daigo bai ɗauki kofin ba, a wasan ƙarshe wani ɗan ƙasarsu da ake kira KO ya doke shi. Haka maganar kuɗi take. UMA na Taiwan ya ci dala miliyan 1 a Capcom Cup, gasar Street Fighter 6, a farkon 2024 da jaruma Juri, gaskiya ne. Mutum ɗaya ke nan. Mafi yawan masu zuwa gasa kashewa suke yi, kuɗin hanya da masauki da rajista, ba samu ba. Wanda kuɗi ne ya jawo shi, gara ya sake shawara tun da wuri.

Labarin da ya fi amfani ga mai zaɓi, a ganina, na Arslan Ash ne. Kafin 2019 ba a lissafa Pakistan a Tekken, Koriya ta Kudu da Japan ake kallo. Sai ga wannan saurayi daga Lahore ya ci Evo Japan, ya zo Las Vegas a shekarar ya doke Knee na Koriya a wasan ƙarshe. Abin da ya gina shi shi ne zaratan da yake karawa da su kullum a garinsu, kafaɗa da kafaɗa, waɗanda duniya ba ta san da su ba. Mutane suke yin mai gasa. Idan ba ka da ko mutum biyu da za su doke ka su kuma zauna su gaya maka dalili, a kusa ko a intanet, tafiyar za ta yi maka tsawo da kaɗaici.

Maganar kaya ba ta da yawa. Mai raha ko wane hannu ya samu ya wadatar. Mai gasa ma ba dole ne ya sayi akwatin sanda ko akwati mai maɓallai zalla ba, manyan zakaru da dama da hannun gem na yau da kullum suke ci. Abin da ba ya yafuwa shi ne intanet. A jona waya daga na'ura zuwa rauta, a bar waifai, domin tsaikon da ba za ka lura da shi a kallon bidiyo ba ya isa ya ɓata kwambo, wato jerin dukan da ake haɗawa ba tsayawa. A kuma duba ko gem ɗin yana da tsarin rolbak, wanda Tony Cannon, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Evo, ya yaɗa da manhajarsa GGPO. Tsarin yana hasashen abin da abokin karawarka zai danna, in ya kuskure ya gyara cikin ƙiftawar ido, maimakon ya riƙe yatsanka yana jira. Street Fighter 6 da Tekken 8 da Guilty Gear Strive suna da shi. Smash Ultimate ba shi da shi, shi ya sa wanda ya zaɓi gasa a nan ya fi kowa buƙatar abokan zama. Sannan ka shirya wa gyare-gyare. Kamfani kan sabunta gem, a wayi gari dukan da ka yi wata uku kana gogewa ya zama ba ya haɗuwa. Masu Tekken 8 sun ɗanɗana wannan a 2025 da aka shiga kaka ta biyu, har aka yi ta ƙorafi sai da aka sake gyara. Mai raha ko a jikinsa. Mai gasa kuwa in kiɗa ya canza dole rawa ta canza.

Akwai wata hasara da ba wanda ya gaya mini. Bayan 'yan watanni ina atisaye na koma wurin abokan da muka saba bugawa. Na ci na farko bai taɓa ni ba. Na ci na biyu. Na uku ya yi tsallen nan da muke yi masa tafi a da, na kakkaɓo shi sau huɗu a jere ba tare da na yi tunani ba. Ɗakin ya yi tsit. Ɗaya ya ajiye hannu a kan kujera a hankali ya ɗauko wayarsa, wani ya ce ko a saka ƙwallo. Ba wanda ya yi fushi, wasan ne kawai ya mutu, kuma ni na kashe shi. A gem ɗin faɗa ƙaramar tazarar sani tana zama babbar tazarar sakamako, kuma ba a iya mayar da sani baya. Yanzu in na je wurinsu sai in bar na'ura ta zaɓa mini jarumi, ko in ɗauki wanda ban taɓa taɓawa ba. Yana taimakawa, amma ba kamar da ba.

To wa ya kamata ya bi wace? Idan abin da kake so shi ne mutanen da ke ɗakin, gem ɗin kuma dalilin haɗuwa ne kawai, zauna a raha, kada wani ya sa ka jin kunya. Ɗauki Smash ka kunna komai da komai, ko Tekken ka kunna Special Style, ko Street Fighter 6 da tsarin Modern, inda maɓalli ɗaya yake fitar da abin da a da sai an murza yatsa. Idan kuma ka lura kaye yana hana ka sukuni, kana kwance kana sake buga turmin a kanka, kai mai gasa ne ko ka yarda ko ba ka yarda ba, gara ka yi abin da tsari. Jarumi ɗaya, gem ɗaya. Koyi tarewa, koyi kakkaɓo mai tsalle, koyi kwambo ɗaya gajere da ba ya kuɓuce maka, ka bar dogayen na bidiyo tukuna. Modern ma ba abin kunya ba ne a nan. Ana rage kashi 20 cikin 100 na ƙarfin dukan da aka fitar da maɓalli ɗaya, ana kuma cire wasu motsi, amma Haitani na Japan da shi ya kai Chun-Li cikin shidan ƙarshe a Evo ta 2023.

Wanda har yanzu yake tsakiya, ga gwajin da nake ba mutane, ya kuma fi shiga tsanin intanet faɗin gaskiya. Nemi mutum ɗaya da ya ɗan fi ka, ba wanda ya yi maka nisa ba, ku yi doguwar karawa, wanda ya fara cin goma. Ba canza jarumi, ba kayan sa'a, ba kallon waya. Wajen wasa na shida za ka ga ya gano tsallenka, ko kai ka gano yana son kamu idan ya matse ka. Daga nan kowa zai fara canza taku saboda ɗan'uwansa. Idan aka tashi goma da uku, duba abin da bakinka ya fara faɗa: "a saka wani gem", ko "tsaya, dukan nan na ƙasa da kake ci na da shi, ta ina ake tare shi?"